Haɗa Waya Mai Gashi da Mai Sili Ɗaya: Tambayoyin Masu Gida da Masu Koyon Wayarin a Sakkwato

Kusan duk gidan da ke da wuta a Sakkwato, akwai inda waya iri biyu suka gamu. Ɗaya ita ce wadda aka bi bango da ita a cikin bututu, mai sili ɗaya mai tauri, wadda masu shago ke kira singil. Ɗayar kuma mai laushi ce mai gashi-gashi, wato filezibul, irin wadda ke fitowa daga fanka, fitila, injin sumo ko inbata. A mahaɗar waɗannan biyun ake yawan jin ƙaurin roba, kuma a nan ne aikin da ya yi kyau a ido yake ɓoye haɗari. Ga tambayoyin da masu gida da yaran da ke koyon sana'ar suka fi yi min, da amsar da nake ba su.

Malam, tunda duka jan ƙarfe ne, mene ne bambancinsu?

Bambancin yana wajen ƙira da wajen aikin da aka yi kowacce dominsa. Ƙa'idar duniya ta IEC 60228 ta kasa waya aji-aji. Aji na 1 shi ne mai sili ɗaya. Aji na 2 shi ne mai sili 'yan kaɗan masu ɗan kauri, galibi guda 7 a wayoyin gida, kamar yadda za ka gani idan ka fere waya mai 6mm² ko 10mm². Aji na 5 da na 6 su ne masu gashi sirara da yawa.

Mai sili ɗaya takan tsaya yadda ka lanƙwasa ta, kuma sukuru yana kama ta da kyau, shi ya sa ake bin bango da ita. Amma idan ana yawan lanƙwasa ta a wuri ɗaya, sai ta karye. Mai gashi kuwa an yi ta ne domin abin da ke motsi ko girgiza: dutsen guga, fanka, janareta. Idan kaurin jan ƙarfensu ɗaya ne, wutar da suke iya ɗauka kusan ɗaya ce. Sai dai mai gashi takan fi kauri a ido saboda 'yar iskar da ke tsakanin gashin, don haka kada a auna waya da ido. A karanta rubutun da ke jikin robarta.

To ana iya haɗa su kuwa?

Ƙwarai. Ba a ma iya gama wayarin gida ba tare da an haɗa su ba. Duk fankar silin da ka gani tana juyawa, a irin wannan haɗin take rataye da wuta. Abin lura shi ne yadda aka haɗa, da abin da aka haɗa da shi, da inda aka ajiye haɗin.

Mai wayarinmu murɗe su yake yi ya naɗe da baƙin tef, kuma wuta tana kamawa. Ina laifin haka?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a tsaya a kanta, domin ita ce tushen duk sauran.

Idan ka murɗe singil biyu da fulaya, kowacce tana lanƙwasuwa ta riƙe 'yar'uwarta. Idan kuwa ɗaya mai gashi ce, ba haka abin yake ba. Mai taurin tana nan a miƙe, mai laushin ce kawai ke zagaye ta, kamar zaren da aka naɗa a jikin tabarya: ja kaɗan, ya zame. Babu abin da ke matse su da juna sai tef, shi kuma tef an yi shi ne don ya rufe, ba don ya riƙe ba.

A ranar farko wuta za ta kama, babu musu. Amma duk lokacin da wuta ta bi ta haɗin yakan ɗumama, ƙarfe ya ɗan buɗe; idan an kashe ya huce, ya koma. Yau da gobe sai gashin ya saki. Iska ta shiga tsakani, fuskar jan ƙarfen ta yi baƙi, shi kuma wannan baƙin ba ya barin wuta ta wuce da sauƙi. Ƙaruwar turjiya tana ƙara zafi, ƙarin zafi yana ƙara baƙin, haka abin ke ta ciyar da kansa har robar wayar ta narke.

Lissafin ba shi da wuya. Zafin da haɗi ke fitarwa shi ne yawan wutar da ke wucewa, wato amfiya, sau kansa, sau turjiyar wurin, wadda ake aunawa da om. A ce haɗi ya saki har turjiyarsa ta kai 0.1 om. Idan amfiya 5 ke bi ta ciki, zafin wat 2.5 ne. Idan aka jona hita da dutsen guga wutar ta kai amfiya 15, zafin ya zama wat 22.5. Wuta ta ninka sau 3, zafi ya ninka sau 9, kuma duk a wurin da bai kai kan ɗan yatsa ba, a naɗe cikin tef, babu inda zai fita. Shi ya sa haɗin da ya shekara lafiya a kan ƙwan fitila yake ƙonewa a daren da aka kawo sabuwar na'urar sanyaya ɗaki.

Ga kuma zafin garinmu. Daga Maris zuwa Mayu ma'auni yakan haura digiri 40 a inuwa, tsakanin kwano da silin kuwa abin ya fi haka nesa ba kusa ba. Robar PVC ta wayar gida digiri 70 aka yarda ta kai, kuma adadin wutar da ake rubuta wa kowace waya an ƙiyasta shi ne a kan yanayi mai digiri 30. A digiri 40 sai a rage shi zuwa kashi 87 cikin 100, a digiri 45 kashi 79, a digiri 50 kashi 71. Ma'ana, wayar da za ta ɗauki amfiya 20 a ƙasa mai sanyi, a cikin silin gidan Mabera ko Arkilla da tsakar bazara wajen amfiya 14 zuwa 16 ne ƙarfinta. Danƙon tef mai araha kuma a wannan zafin yake narkewa ya warware, ya bar jan ƙarfe tsirara kusa da katakon rufi da ya bushe ƙayau. Abin da za a yi wa uzuri a Jos, a Sakkwato ba ya ɗaukar uzuri.

Ai muna da bireka. Ba za ta faɗi ba idan haɗin ya yi zafi?

Ba za ta faɗi ba, Alhaji, kuma wannan ne abin da ya fi tayar min da hankali, domin mutane da yawa sun sakankance da ita. Bireka da fis wutar da ta wuce ƙima suke gani: kaya sun yi yawa a layi, ko waya mai wuta ta taɓa nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta. Haɗin da ya saki ba ya ƙara yawan wutar da ke wucewa, sai ma ya ɗan rage ta. Bireka mai amfiya 20 tana iya zama daram alhali haɗi yana ja wur a cikin silin da amfiya 10 kacal. Ita ma na'urar da ke katse wuta idan ta zurara ƙasa, ba za ta motsa ba sai roba ta riga ta ƙone wuta ta sami hanyar zurara. Kariyar haɗi tana cikin haɗin kansa.

Wace hanya ce ta fi?

A wurina, kanekta mai ɗan marfin dannawa ita ce gaba. Wadda aka fi sani ita ce ta kamfanin Wago na Jamus, samfurin 221. Kowace waya da raminta, a cikin kowane rami kuma akwai ƙarfe mai tsalle da ke danne wayar. Fa'idarta ita ce ba ta damu da ko wayar mai gashi ce ko mai sili ɗaya ba, kowacce ana matse ta ita kaɗai, kuma idan ƙarfe ya buɗe ko ya tsuke saboda zafi, madannin yana bin sa. Ƙaramar tana ɗaukar waya har 4mm² da wuta har amfiya 32, akwai kuma babba ta 6mm². Ga ƙaramar, ana fere wayar tsawon milimita 11, ma'aunin yana zane a jikinta. A ɗaga marfin, a tura waya har ƙarshe, a rufe. Jikinta garau yake, kana ganin ko wayar ta kai ƙurya. Sai ka ja kowace waya da ɗan ƙarfi. Idan ta fito, a sake.

Abu biyu za a kiyaye. Akwai wata kanektar da ba ta da marfi, tura waya kawai ake yi. Wannan ta singil ce, gashi ba ya shiga cikinta da kyau, lanƙwashewa yake yi a baki. Sannan kasuwa cike take da kwaikwayo marasa suna, waɗanda madanninsu ba shi da ƙarfi. Wadda ba a rubuta amfiya da girman waya a jikinta ba, a bar wa mai shago kayansa.

Hanya ta biyu ita ce kanekta mai sukuru, farar nan mai jere da ake yankawa da wuƙa. Ta uku ita ce bututun matsewa da ake dannewa da fulayar da aka yi don haka. Wannan ta ukun tana da ƙarfi ƙwarai a kan waya mai gashi, amma ba kowane bututu ne ya dace da singil ba, kuma fulayar yau da kullum ba ta matse shi yadda ya kamata.

Akwai kuma 'yar hular roba mai murɗi da ake yawan amfani da ita a Amurka, wadda kan zo cikin kwalin wasu fankoki da fitilu. Idan da ita za a yi, a bar mai gashin ta ɗara singil tsawo da kamar milimita 3 kafin a murɗa, don murɗin ya fara cafke ta. In ba haka ba singil ce kaɗai za ta shige, gashin ya tsaya a baki.

Kanekta mai sukuru ce ake samu a ko'ina. Yaya ake aiki da ita daidai?

Ita ce abin da za ka fi samu a shagunan kayan wuta na Babbar Kasuwa da na titin Emir Yahaya, kuma tana aiki lafiya idan an bi ta a hankali. Da farko a zaɓi girmanta: akwai ta amfiya 5, ta 15, ta 30, har sama. Ramin ya dace da wayar, kada ya yi mata yawa har gashi ya watse gefen sukuru ya tsere masa.

Singil ta shiga ta gefe ɗaya, mai gashi ta ɗaya gefen, kowacce da nata sukurun. Kuskuren da na fi gani shi ne cusa su biyun a ƙarƙashin sukuru ɗaya. Sukurun zai sauka a kan mai taurin ya tsaya, gashin yana gefe yana lilo, mai ɗaurewa kuma yana jin hannunsa ya yi tauri ya ɗauka aiki ya kammala.

Bakin sukuru yana yanke gashi idan an matsa. Maganin wannan shi ne ferul, wani ɗan bututun jan ƙarfe mai ruwan kuza da ake sa wa bakin wayar a matse, sai gashin ya dunƙule ya zama sanda guda. Ba shi da tsada, kuma duk mai wayarin da ke aikin inbata ko allon bireka ya kamata a same shi a jakarsa. Idan babu, a murɗa gashin da yatsa ya haɗu, in ramin yana da fili a ninka bakin biyu, a ɗaure, a ɗan girgiza wayar, a sake ɗaurewa, domin gashi yakan kwanta bayan matsar farko. Kada sili ko ɗaya ya leƙo waje. Kada kuma sukuru ya hau kan roba, kada jan ƙarfe ya fito tsirara a bayan kanekta.

Wajen ferewa ma akwai magana. Yaran sana'a sun saba da reza ko haƙorin fulaya. Idan reza ta yi wa singil zobe, a nan za ta karye ranar da aka tura ta cikin akwati. Idan kuma gashi ya zube ƙasa lokacin ferewa, wayar ta rage kauri a daidai inda aka fi buƙatar kaurinta. A yanke a sake ferewa.

Maigida, in na shafa wa bakin gashin dalma ya yi tauri, ba ya zama kamar singil ba?

A'a, kada ka yi haka idan sukuru zai hau kai. Dalma tana da taushi, a ƙarƙashin matsi takan riƙa kwantawa a hankali tana gudu daga bakin sukuru. Ka ɗaure tam yau, bayan wani lokaci ka tarar ya yi sako-sako ba tare da kowa ya taɓa ba. Ƙa'idar wayarin ta Ingila, BS 7671, wadda tsarin wayarinmu ya samo asali daga gare ta, ta hana wannan a fili. Sannan inda dalmar ta ƙare, nan gashin ke karyewa idan akwai girgiza. Aikin da kake so dalma ta yi maka, ferul ne ke yin sa.

A ƙauye nake aiki, babu kanekta, kasuwa sai mako. Mene ne mafi dama-dama?

Abin da ya fi shi ne ka riƙa tafiya da kanekta; tafin hannu ɗaya ya isa gida guda. Amma idan ta kama dole, a kan layin fitila mai ƙaramin kaya, ga yadda za a rage haɗarin. Fere singil kamar santimita 3, mai gashi kamar santimita 5. Goge su su yi haske. Naɗa mai gashin a jikin singil, zagaye kusa da zagaye, a matse, ka bar rabin bakin singil ɗin a fili. Sai ka lanƙwaso wannan bakin ya dawo kan naɗin, ka danne da fulaya ya cije. Yanzu akwai abin da ke riƙe da gashin. Idan kana da abin narka dalma, ka zuba ta ta ratsa haɗin gaba ɗaya. A nan dalma tana da amfani, tunda babu sukurun da zai hau kanta. Ka rufe da robar nan mai tsukewa idan ta ji zafi, ko tef mai kyau ninki da yawa, ka sa a akwati.

Wannan ba na hita ba ne, ba na sumo ba, ba na na'urar sanyaya ɗaki ba. A kan manyan kaya, da muguwar rawa gara ƙin tashi: ka bar layin a kashe har kanekta ta zo.

Ana iya haɗa mai 2.5 da mai 1.5?

Ana iyawa, da sharaɗin bireka ko fis ɗin da ke gaba ya dace da ƙaramar. A al'adar wayarinmu 1.5mm² ta fitila da fanka ce, 2.5mm² ta soket, 4mm² ko 6mm² ta manyan kaya irin su kukar lantarki. Idan ka jona siririyar filezibul a layin soket mai bireka 20 ko 32, wayar za ta iya narkewa bireka ba ta ji komai ba. Filezibul mai 0.75mm² amfiya 6 take ɗauka, alhali hita mai wat 3,000 tana jan wajen amfiya 13 a kan bolt 230.

Wannan shi ne amfanin fis ɗin da ke cikin filogi mai ƙafa uku: yana kare siririyar wayar kayan. Duk wanda ya yanke filogi ya cusa gashi tsirara a ramin soket da tsinken ashana, ya jefar da wannan kariyar, kuma ya yi haɗin da ya fi kowanne muni. Ina roƙon iyaye mata musamman, idan kun ga haka a ɗakin yara ko a kicin, a cire, a sayi filogi.

A tuna kuma da ƙarancin wuta. Idan wuta ta zo da rauni, injin firij da sumo da sitabilaiza sukan ja amfiya fiye da ƙima don su cike giɓin, haɗin da ke hanyarsu shi ke shan wahalar.

Wayar da ta sauko daga fal fara ce, ta cikin gida ja. Haka ake murɗe su?

Wannan ma wani babin ne, kuma ya fi na gashi da singil haɗari. Farar alminiyam ce. Idan ta haɗu da jan ƙarfe kai tsaye, danshi ya shiga tsakani, sai alminiyam ɗin ya riƙa cinyewa yana zama farin gari. Yana kuma buɗewa da zafi fiye da jan ƙarfe, yana kwantawa a ƙarƙashin matsi. Da rani abin yakan lafa, ruwan farko na damina ya tona shi: wuta tana rawa a gidanku kaɗai, maƙwabta lafiya. Idan nutural ce ta saki a gidan da ke da layi uku, wutar wani layin tana iya hauhawa ta ƙone kaya. Akwai kanekta ta musamman mai ƙarfe biyu da aka yi don wannan haɗin. Kuma daga fal zuwa mita hurumin kamfanin rarraba wuta ne, wato Kaduna Electric da ke kula da Sakkwato, Kebbi, Zamfara da Kaduna. Ba wurin da mai gida ko yaron unguwa zai hau ba ne.

Yaya zan gane wayar jabu?

Akwai wayar da alminiyam ce a ciki, aka yi mata rufin jan ƙarfe a waje. Kankare sili ɗaya da wuƙa: idan fari ya bayyana, ita ce. Ɗaga naɗin ka ji: jan ƙarfe ya fi alminiyam nauyi fiye da sau 3. Sa wa gashi ɗaya wutar ashana: na jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya, na jabu zai lanƙwashe ya zube. Alminiyam kashi 61 cikin 100 na wutar jan ƙarfe yake iya ɗauka a kauri ɗaya, kuma yana saurin karyewa a bakin sukuru, don haka kanektar da ta fi kowacce kyau ba za ta cece shi ba. Akwai kuma wadda jan ƙarfe ce ta gaske amma an rage mata kauri, an rubuta 2.5 alhali ba ta kai ba.

A nemi wayar da ke ɗauke da sunan kamfani da girma a jikin robarta, da alamar SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya. Kamfanoni irin su Coleman, Cutix da Nigerchin a nan gida Najeriya suke ƙera waya, sai dai sanannen suna shi ake yi wa kwaikwayo, don haka a sayi a wurin dilan da aka sani. Araha ba ta ado, balle a abin da za a binne a bango shekara da shekaru.

Haɗin sola fa? Ai wutarsa ba ta da ƙarfi.

Bolt ɗin batir ne ƙarami, amfiyarsa ba ƙarama ba ce. Kayan wat 1,000 a kan bolt 230 amfiya 4 da 'yan kai suke ja. Kayan nan dai a ɓangaren batir mai bolt 12 sun haura amfiya 80. Koma kan lissafin zafin da muka yi a sama ka ga abin da ɗan sako-sako zai haifar. Wayar batir mai gashi ce mai kauri, kuma kanta sai da takalmin jan ƙarfe da aka matse da babbar fulaya, a ɗaure da noti. Naɗa gashi a jikin kan batir ba haɗi ba ne.

A ɓangaren faranti kuma, idan an jera su da yawa bolt ɗin yakan kai ɗaruruwa. Wutar NEPA tana sauya alkibla, tana ratsa sifiri sau 100 a daƙiƙa, wannan yana taimakawa tartsatsi ya mutu. Wutar sola miƙe take, idan tartsatsi ya kama a haɗin da ya saki, ci gaba yake yi muddin rana tana sama, ga shi kuma rana ba ta yi mana rowa a nan. A yi amfani da wayar sola mai jure rana da kanektar wayar faranti da ake kira MC4, wadda aka matse da fulayarta, kada a ƙarasa layin faranti da guntun singil da tef a kan kwano.

Zan iya binne haɗin a cikin filasta, ko in bar shi a kan silin?

Kowane haɗi a cikin akwati mai marfi yake zama, inda za a iya buɗewa a duba. Akwatin yana tsare tartsatsi, yana hana ƙurar hunturu da ɓera da ƙadangare, kuma bakin wayar da ke shiga a riƙe shi yadda nauyi ko ja ba zai faɗa kan haɗin ba. Idan akwatin ƙarfe ne, a haɗa shi da wayar ƙasa. Ba a jan haɗi a cikin bututu, ba a shafe shi da siminti. Idan waya ta gaza a tsakiyar bututu, a zare ta a ja sabuwa. Na sumo da ke cikin rijiya kuwa akwai kayan haɗi na musamman masu hana ruwa shiga.

Launin wayoyin ya bambanta. Wace da wace?

A tsohon tsari ja ce mai wuta, baƙa nutural, kore ta ƙasa. A sabon tsari ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya nutural, kore da ɗorawa ta ƙasa. Yawancin filezibul da sabon launi take zuwa, bangon gidajenmu kuma cike yake da ja da baƙi. Don haka ja da ruwan ƙasa, baƙa da shuɗiya, kore da kore. Amma a gwada kafin a yarda da launi, domin akwai gidajen da aka yi wa wayarin da abin da ya rage a naɗi.

An ɗauke wuta. Ba sai in yi sauri in gyara kafin a kawo ba?

Don Allah kada ka yi. Ɗauke wuta ba kashe wuta ba ne. Babu wanda zai yi maka sallama kafin a maido ta. A gidan yau kuma hanyar wuta ba ɗaya ba ce: ga ta kamfani, ga janareta, ga inbata da ke kunna kanta cikin ƙiftawar ido. A kashe babban makunni, a sa canjin layi a tsakiya, a kashe inbata, a gaya wa mutanen gida kada wanda ya taɓa. Sannan a gwada wayar. Testa mai ɗan ƙwai ba abin dogaro ba ce ita kaɗai, haskenta ba ya ganuwa a cikin rana, kuma takan mutu ba a sani ba. A fara gwada ta a inda aka tabbata akwai wuta, ko a yi amfani da mita. Wanda bai koyi aikin ba, iyakarsa canza ƙwai da filogi.

Ni ba ma'aikacin wuta ba ne. Ta yaya zan san haɗin gidana yana da matsala, kuma me zan tambayi mai wayarin?

Hanci da tafin hannu sun isa su fara gaya maka. Ƙaurin roba, ko wani ƙarni kamar na kifi a kusa da soket ko allon bireka, alamar roba ce ke dahuwa. Murfin soket ko makunni da ya yi ɗumi, ko ya sauya launi zuwa ruwan ƙasa. Ƙarar tsit-tsit a bango. Fitilar da ke rawa idan firij ya tashi, alhali sauran ɗakuna lafiya. Fankar da ke tsayawa ta tashi idan an taɓa makunninta. Idan ka ga ɗaya daga ciki, kashe birekar layin, kada ka jira Juma'a ta wuce. Idan har wuta ta kama, a kashe babban makunni tukuna, kada a watsa ruwa a kan waya mai wuta. Yashi ko abin kashe gobara mai hoda ake amfani da shi, a kira 'yan kwana-kwana.

Wajen ɗaukar ma'aikaci, NEMSA, hukumar kula da ingancin aikin lantarki wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa, kuma ba rashin kunya ba ne ka nemi ganin ta. Idan aiki ya zo ƙarshe, kafin a rufe akwatuna da silin, ka ce masa: "Injiniya, buɗe min guda biyu ko uku in gani." Ka duba ko kanekta ce ko dunƙulen tef. Ka sa ya ja kowace waya a gabanka. Ka tambaye shi girman wayar kowane layi da birekar da ke kansa, a rubuta a manna a jikin murfin allon. Kuɗin kanekta da ferul da akwatuna kuma ka sa su a lissafin kaya tun farko, ka saya da hannunka ko ka ba da kuɗinsu daban, domin sau da yawa idan mai gida ya matse kuɗin aiki, a nan ne ake ragewa. Gidan da ya daɗe kuwa, musamman wanda aka ƙara wa na'urar sanyaya ɗaki ko sumo bayan an gama shi, a sa ma'aikaci ya hau silin ya duba haɗe-haɗen a watan Janairu ko Fabrairu, kafin zafin bazara ya shigo.